Taƙi Ɗaya Saman Malfa

Tun da damina ta kankama Inna Larai ta ɗauke hannunta daga akushi. Ba zazzaɓi, ba ciwon ciki, ba komai. A kawo tuwo ta ce a rufe, a kawo kunu ta kurɓa sau ɗaya don a ƙyale ta, ta ture kofin da bayan hannu. Ruwa da ɓarin goro, su ke nan abincinta. In aka matsa mata sai ta ce ita ba ta iya cika ciki alhali ba ta san ko ɗanta ya ci ba.

Ɗan nata shi ne Mamman, wanda daga Gwandu har Kalgo ake kira Mamman Dogo, don ba zauren da yake shiga bai sunkuya ba. Tun yana saurayi ya bar Gwandu ya koma wajen kawunnansa masunta a Kalgo, ya zama mutumin ruwa. Bara, da ambaliya ta cika fadama, ya fita da jirginsa da hantsi, bai dawo ba. Washegari aka tsinci jirgin ya sarƙe a cikin ciyawar burgu kusa da wata giginya. Taru na nan, gorar ruwansa na nan, malfarsa na ajiye a kan katakon tsakiya, mai malfar ne kawai babu. An yi nema har an gaji. Malaman unguwa suka zo suka zauna da Inna, suka ce alamu duk sun nuna Mamman ya riga mu gidan gaskiya, a yi masa addu'a a raba sadaka, matarsa Ruƙayyatu ta san matsayinta. Inna ta saurare su tsaf, ta ba su girmansu, sannan ta ce duk wanda ya ɗora tukunyar sadakar ɗanta bai ga gawa ba, ba ta yafe masa ba. Aka fasa sadakar.

Nauyin duka sai ya faɗa kan ƙanen Mamman, Ubaidullahi, tela a bakin kasuwar Gwandu. Shi gajere ne, kai ba ka ce ciki ɗaya suka fito ba, kuma mutum ne mai son komai ya zauna daidai. In ya hango zare ya zarce a rigar wanda ke gabansa a sahu, sai ya yi ta fama da zuciyarsa har a sallame. Tun da abin ya faru bai zubar da hawaye ba. Ina ya ga lokaci? Shi ne kai hatsi Kalgo, shi ne sayen maganin 'yar Ruƙayyatu, shi ne kuma duk Juma'a Inna ke sa ya kira lambar Mamman ya kara mata a kunne. Matar nan ta cikin waya ta ce lambar ba ta shiga, Inna ta yi tsaki ta ce wannan mata dai ba ta da kunya, kullum ita ke ɗauka. Da farko abin yana ba shi dariya. Da ya ga ƙashin wuyan Inna ya fito, zobenta na azurfa yana zamewa daga yatsa, dariyar ta ɗauke. Tsoro ya kama shi sosai, don ya gane tsohuwar nan mutuwa take yi a gabansa a hankali.

Wata safiya yana shirin fita, da ɗinkin wasu mutanen garin Malisa a kansa, ta kira shi. Tana zaune a bakin ɗaki da malfar Mamman a cinya. Idanunta sun daɗe da yin yana, ba ta ganin komai sai inuwa-inuwa, amma ta juyo daidai inda yake. Ta ce ya kai ta inda aka tsinci jirgin. Kuma ba cikin jirgin kowa ba, cikin na Mamman. Ya fara kawo mata maganar ambaliya da nisan hanya da ƙarfin da ba ta da shi, ta bar shi ya gama.

Ta ce, "Ka kai ni in ji da kunnena. In na ji, ni ci abinci."

To, mai wannan magana ai ba a ja da ita. Ya fasa zuwa shago, ya sa ta a gaban mota, suka kama hanyar Kalgo.

Jirgin Mamman ba kamar sauran jiragen kwatar Kalgo ba ne, shi yana da zanen iska. Wani abokinsa ne ya koya masa, Ishaya, mutumin ƙasar Yawuri da ya zo bandar kifi ya zauna. Can wajensu ruwa da faɗi, sun saba kafa gora a tsaye cikin jirgi, su ɗaura mata zane, su shimfiɗa gwangwala a kwance ta riƙe gindin zanen, iska ta yi musu tuƙi. Ubaidullahi da kansa ya ɗinka zanen da buhunan taki, yana ɗinki yana mitar sun lalata masa allura. Mutanen kwata suka yi ta tsiya, suna cewa Dogo ya yi wa jirginsa riga, har ranar da suka ga ya wuce su da lodin shinkafa yana zaune yana cin gyaɗa. Duk kaka Ubaidullahi kan zo taya shi kwasar shinkafa, a nan ya koyi riƙon filafili a bayan jirgi. Mamman kuwa wurinsa katakon tsakiya, yana karkata jiki duk gefen da iska ta ɗaga.

Sun isa gidan Ruƙayyatu rana ta ɗaga. Ta durƙusa ta gaida surukarta, ta ga yadda ta koma, ta juya fuska. Ba ta ce a fasa ba. Ta shiga ta dama fura a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta miƙa wa Ubaidullahi a ɓoye, ta ce ko Allah zai sa.

A kwata suka tarar da Ishaya yana gyaran taru. Shi ke kula da jirgin tun bara, yana kwashe masa ruwa, yana toshe tsagu, amma ba mai hawansa. Da ya ji abin da ya kawo su ya daɗe yana kallon Inna, sannan ya tashi ya ɗauko gora da zane da gwangwala daga rumfarsa. Ubaidullahi ya roƙe shi ya raka su. Ya ce a'a, kafaɗarsa na ciwo. Kafaɗar da ya ɗauko gora da ita yanzun nan kamar ya ɗauki kara!

Suka kafa gorar a raminta, suka ɗaure, suka ja zanen sama. Saura gwangwala. Ita kuwa ɗaurinta yana da ƙa'ida, kuma Ishaya ne ya koya musu ita. Ana zaunar da wanda ya fi kowa tsawo cikin masu shiga jirgin a kan katakon tsakiya, da hularsa ko malfarsa a kai, a auna taƙi ɗaya daga saman kan, a nan za a ɗaure. In ta yi ƙasa, duk sanda aka juya jirgi ta tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan sai ta fasa wa mutum kai. In ta yi sama da yawa, iska ta kama zanen ta can ƙoli, ta riƙa tunkuɗa jirgin tana neman kifar da shi. A jikin gorar akwai tsagar wuƙa da Mamman ya yi, can sama, inda Ubaidullahi sai ya yi ɗage yake kaiwa. Ranar da aka yi tsagar yana nan, shi ya auna taƙin da hannunsa a saman malfar yayansa.

Ishaya ya ɗaga gwangwala zai kai ta tsagar. Ubaidullahi ya riƙe hannunsa. Ya ce yau wanda ya fi tsawo a jirgin nan shi ne, shi kuwa ga shi nan yadda Allah ya yi shi. Ya nuna gabas, inda hadari ya fara haɗa gindi, ya ce ba zai ɗauki tsohuwa mara ƙarfi a jirgi mai rawa ba. A sauke ta ƙasa.

Ishaya ya ce gaskiyarsa, ƙa'ida ke nan, shi ya koyar ba zai ƙaryata kansa ba. Sai dai bayan abin da ya faru ya taɓa sauke gwangwalar daidai kansa, ya fita da jirgin sau ɗaya, ya dawo da zanen a naɗe yana tura jirgi da sanda. Ubaidullahi ya tambaye shi me ya gani. Ya ce bai ga komai ba.

Ishaya ya ƙara da cewa, "Mu wajenmu ba mu tambayar wa ke zaune. Wuri kawai muke bari."

Ran Ubaidullahi ya ɓaci. Shi ɗan Gwandu, ya tashi a gaban malamai, a zo ana yi masa wannan zance? Ya ce wanda ya mutu ya mutu, ba ya dawowa hawan jirgi. Ishaya ya ce shi bai ambaci matacce ba, ya saki gwangwalar ya koma kan tarunsa.

Ubaidullahi ya shiga jirgin don ya auna da kansa. Rana ta gasa katakai, ko'ina ya bushe ƙayau har yana ƙona tafin ƙafa, ban da katakon tsakiya. Shi a jiƙe yake, ba duka ba, daidai wurin zaman mutum ɗaya. Ya tsaya yana kallo. Sai ya ce wa kansa ai ba zai ɓata wandonsa ba, ya tsuguna a gefen katakon, ya ɗora taƙi a saman hularsa, ya ɗaure gwangwala a nan, ɗauri mai kyau irin na tela. Ya shimfiɗa wa Inna tabarma a ƙasan jirgi ta gaba, ya jingina ta da buhun ƙaiƙayi, ya ajiye ƙwaryar fura kusa da ƙafarta. Da ya zauna a baya ya lura jirgin ya nutse fiye da yadda ya kamata. Shi da Inna, ko an haɗa su ba su kai buhun shinkafa biyu ba, amma ruwa ya hau jikin katako kamar an yi lodi. Ya ce katako ne ya sha ruwa. Ishaya ya tura su, bai ɗaga musu hannu ba.

Iska ta cika zanen, jirgi ya miƙe. Hayaniyar kwata ta ragu, ƙarar injin markaɗe ta ɓace, suka shiga fadama. Ambaliyar bana ta fi ta bara. Inda ya san gonaki yanzu ruwa ne shimfiɗe har iyakar gani, sai kawunan shinkafa nan da can, da itatuwa tsaye a ruwa har wuya. Bado ya buɗe fari fat. Abin da ya dame shi shi ne shirun. Lokacin nan fadama cike take da kukan tsuntsaye, amma yau balbelu na jere a kan wani reshe, ba wadda ta tashi, ba wadda ta yi kuka, duk sun juyo suna bin jirgin da kallo. Inna ta ba shi baya, tana rungume da malfa.

Da suka kai inda hanyar ruwa ta karkata, dole ya juya jirgin. Ya danna filafili, zanen ya saki, gwangwala ta taso daga dama za ta tsallaka hagu. Tana isowa saman katakon tsakiya sai ya ji ƙwal! Ta tsaya cak a sarari tana rawa. Can sai ta wuce a hankali, kamar wanda ta buga ya sunkuya ya ba ta hanya.

Ya bi igiyoyi da ido ɗaya bayan ɗaya, ko wata ta sarƙe. Ba wadda ta sarƙe. Ya duba ɗaurinsa, yana nan daram. Ya ce wataƙila gaɓar gora ce ta riƙe ta, ya yi ta'awwuzi, ya ci gaba. Amma ƙarar ba ta gora ba ce, kuma ya sani. Ya taɓa jin irinta ranar farko da suka gwada zanen, kafin su san ƙa'ida, sanda gwangwala ta sami Mamman a ƙeya ya yi ta zagin Ishaya har suka dawo kwata.

Juyi na biyu ya yi shi a hankali, yana riƙe da igiyar don kada ta tafi da ƙarfi. Duk da haka, ƙwal. Wannan karon har a tafin hannunsa ya ji bugun, ta cikin igiya. Gwangwala ta tsaya, ta daɗe fiye da ɗazu, sannan ta wuce. Jirgin ya ɗan yi rawa, katakon tsakiya ya yi ƙara irin ta wanda ya gyara zama.

Inna ba ta juyo ba. Da muryarta ta kullum, wadda take cewa a rufe ƙofa kaji na shiga, ta ce, "Ubaidu, ɗaga sandag ga. Kana buge ma yayanka kai."

Tsikar jikinsa ta tashi tun daga ƙafa har ƙeya. Ya so ya ce mata ba kowa, ya fasa. Sai ya kama ƙa'ida, don ita kaɗai ta rage masa. Ya ce Inna hadari ya taso, in ya ɗaga ta jirgin zai yi rawa, zai iya kifewa, ita kuma ba ta iya ruwa ba. Ta ce to, shi ya sani. Ta ƙara rungume malfarta.

Hadarin kuwa bai jira sun gama shawara ba. Gabas ta yi baƙi ƙirin, hasken rana ya koma ja-ja, ruwan da ke kwance ya fara tattarewa. Iska mai sanyi ta iso ta bayansu, ta sauya gefe ba sallama. Zanen ya yi fat, gwangwala ta taso da gudu.

Ƙwal.

Ba ta wuce ba. Ta tsaya a tsakiyar jirgi, ta lanƙwasa kamar an tokare ta da turmi, iska na dannawa, abin da ya tare ta ya ƙi gocewa. Wanda ya san Mamman Dogo ba zai yi mamaki ba. Mutum ne mai haƙuri, ya kan kauce maka sau ɗaya, ya kauce sau biyu, na uku kuwa ko Sarkin Ruwa ne kai sai dai ka kewaye. Zanen ya cika ta inda bai kamata ba, jirgin ya kwanta gefe, ruwa ya fara zubowa ta baki. Tabarmar Inna ta jiƙe, jikinta ya zame ya jingina da gefen da ke nutsewa. Ba ta yi ihu ba, hannu ɗaya ta sa ta dafe ƙwaryar fura.

Nan Ubaidullahi ya ga abin da ke gabansa ƙarara. In ya bar ta a ƙasa, yanzun nan za su kife. In zai ɗaga ta, sai ya bar filafili ya je gindin gora, kuma ba hanyar zuwa gindin gora sai ta katakon tsakiya. Wallahi da a ce shi kaɗai ne da ya gwammace ya faɗa ruwa. Ya dubi Inna, ruwa ya kai mata ƙugu. Ya soke filafili a ƙarƙashin igiya, ya rarrafa.

Da ya iso katakon, bai san sanda bakinsa ya buɗe ba. Ya ce, "Gafara, Yaya."

Ya raɓa ta gefe, ta ɗan wurin da ya saba raɓawa in zai je kwance zane. Bai taɓa komai ba, bai ga komai ba. Amma gefen jikinsa da ke wajen katakon ya yi sanyi kamar ya jingina da randa, kuma ya shaƙi warin hayaƙin banda gauraye da man zafin da Mamman ke shafa wa gwiwa. Ya kai gindin gora. Ɗaurin nan nasa mai kyau ya jiƙe ya ƙulle, sai da ya sa haƙori. Ya saɓa gwangwala a kafaɗa, ya miƙe a jirgin da ke kwance, ya yi ɗage, yana laluben tsagar da yatsa. Ya same ta. Ya naɗa igiya, ya ja, ya ƙulle yadda ya samu, ɗaurin da ko a buhun gawayi ba zai yarda da shi ba.

Gwangwala ta wuce fit, zanen ya buɗe can sama. Sai abin da ya ji tsoro tun a kwata ya faru, iska ta kama ƙolin zanen ta tunkuɗa jirgin ɗaya gefen da ƙarfin da ya fi na ɗazu. Ya rungume gora, ya rufe ido, ya fara kalmar shahada.

Katako ya yi ƙara. Gefen da ya ɗaga sama ya dawo ƙasa a hankali, kamar an ɗora masa nauyi. Jirgin ya daidaita. Iska ta ƙara bugowa, gefen ya ƙara dannuwa daidai gwargwado, ba ƙari ba ragi. Ubaidullahi ya san wannan aikin, ya sha kallonsa daga baya, dogon mutum ya fitar da rabin jikinsa waje yana riƙe da bakin jirgi yana dariya. Ya buɗe ido. Ba kowa, sai bakin jirgin da ya nutse a wuri ɗaya. Ya sake cewa gafara, ya koma wurinsa, ya kama filafili. Bai ƙara neman dalili ba. Ya yi tuƙinsa, aka yi masa nasa, jirgi ya tsaga fadama da gudun da bai taɓa yi ba tun bara.

Hadarin ya zubar da 'yan ɗigo masu kauri ya karkata kudu. Kafin iskar ta faɗi sun hango giginyar, ita kaɗai tsaye a ruwa, burgu ya kewaye ta. Ubaidullahi bai ma juya filafili ba, jirgin ya shiga burgun da kansa ya tsaya. Rana ta dawo. Ya ɗauki ƙoƙo ya hau kwashe ruwa, don ya samu abin yi da hannunsa.

Inna ta juyo da ƙyar, ta fuskanci katakon tsakiya, ta ɗaga kai sama yadda ta saba in tana magana da Mamman. Ta yi ƙasa da murya. Ubaidullahi ya sunkuyar da kai, ba ya son ya ji, amma jirgi ƙarami ne. Ba wata babbar magana ta yi ba. Ta ce 'yarsa ta yi haƙora, ta fara tafiya, ƙafafunta dogaye irin nasa. Ta ce katangar bayan gida ta faɗi da ruwan farko, Ubaidu ya gyara. Ta ce jar akuyar ta haifi biyu. Tana faɗa tana dakatawa, kamar mai sauraron amsa, wani lokaci ta gyaɗa kai. Ta yi masa faɗa kaɗan, a kan fita ruwa shi kaɗai bayan ta sha hana shi. Daga nan ta kasa kunne ta daɗe tana sauraro, har Ubaidullahi ya ɗago ya duba ko lafiya.

Ta ce, "To, na jiya. Na yafe maka duniya da lahira. Yarinyag ga Ruƙayyatu ta gaji da jira, ni ma na gaji. Tashi ka tafi, Allah shi yi maka rahama."

Ta miƙa hannu waje ta ɗora malfar a kan ruwa. Malfa ta ɗan juya, ta shiga tsakanin burgu, ta ɓace.

Jirgin ya motsa sau ɗaya, motsin da yake yi in mutum ya taka baki ya sauka a kwata. Sannan ya taso. Ubaidullahi ya leƙa gefe, ya ga jiƙaƙƙen katako ya fito saman ruwa, faɗin tafin hannu, tun daga gaba har baya. Wani tsuntsu ya yi kuka a kan giginya, wani ya amsa masa daga nesa, fadama ta cika da hayaniyarta ta kullum. Danshin katakon tsakiya ya fara ƙanƙancewa daga gefe-gefe a cikin rana.

Inna ta ce, "Sauke ta yanzu. Jirgin ya yi sako-sako, kak ka kifar da ni."

Gaskiyarta, jirgin ya koma rawa ko da ɗan motsi. Amma Ubaidullahi, wanda ya yi ta ja da Ishaya a kan a sauke, ya tsaya a gindin gora ya kasa kai hannu. Ya ce bari iska ta ƙara kwantawa. Ya ce bari ya gama kwashe ruwa. Inna ta ce ba ta ga ruwan da ya rage ba, ita da ba ta gani. Ya kwance mummunan ɗaurin nan a hankali. Ya zauna a kan katakon tsakiya, ya same shi a bushe, da ɗumin rana. Ya ɗora taƙi a saman hularsa, ya ɗaure gwangwala a nan. Tsagar Mamman ta rage can sama ita kaɗai.

Ya tura jirgin ya fita daga burgu, ya koma baya ya zauna. Sai an juya kafin a kama hanyar Kalgo. Ya danna filafili, zanen ya saki, gwangwala ta taso daga hagu. Ya riƙe numfashi, ya kasa kunne, kuma Allah ya sani ba tsoro ne ya sa shi kasa kunnen ba, so yake ya ji.

Ta wuce salin-alin. Ba ta taɓa komai ba.

A nan abin da ya riƙe tun bara ya ɓalle. Kuka ya zo masa irin na yaro, da shessheƙa da majina, har ba ya ganin gabansa. Yayansa ya mutu. Kowa ya faɗa, shi ma ya faɗa wa mutane da bakinsa, amma sai yanzu ya sani. Yana cikin haka ya ji ƙarar faifai, sannan ƙarar ludayi a jikin ƙwarya. Ya share ido da hannun riga. Inna ta ɗora ƙwaryar a cinya, tana shan fura a hankali, ludayi bayan ludayi, tana taune gudajin da 'yan haƙoran da suka rage mata.

Ta ce in sun isa shi zai shiga ya gaya wa Ruƙayyatu, ita ba ta iyawa. Gobe kuma ya je ya kira malamai. Ta ƙara kai ludayi baki, ta haɗiye, ta juyo da fararen idanunta wajensa.

Ta ce, "Yi kukanka, Ubaidu. Amma ka riƙe filafilin da kyau, kai kaɗai ne yanzu."